Zirnaƙo, Ƙaramar Bindigar Gwaggo Hakama

A garin Gindin Gawo, can bakin duwatsu inda maƙera suke haƙar tama tun zamanin kakanni, an taɓa ganin bindiga ta dawo gida ita kaɗai, ba mai ita.

Barira ce ta fara ganinta. Tana sharar maƙerar yayanta Nomau da hantsi, sai ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga bakin hanya. Ta ɗaga kai, sai ga doguwar adakar Nomau, wadda yake kira Aradu, tana tafe a tsaye tana tsalle a kan gindinta. Ta shigo rumfa, ta jingina da bango daidai inda ya saba ajiye ta. Barira ta miƙa hannu. Kafin yatsanta ya kai, sai ƙarfen ya zube ƙasa ya zama jar tsatsa, katakon kawai ya rage.

Nomau shi ya raini Barira tun rasuwar iyayensu. Da masabarsa ta ƙira ya ciyar da ita, ita kuma take yi masa zuga. Kwanakin baya tama mai kyau ta ƙare a saman dutse, shi ne ya saɓi Aradu ya ce zai shiga Ramin Tama, tsohon ramin da ake cewa akwai birni a ƙarƙashinsa. Kakansu Barmo ma bai taɓa shiga ramin nan ba. Iyakarsa ya je bakinsa ya watsa tsofaffin ƙusoshi, ya ce, "Ga abincin bayina, ku ci ku gode." Nomau kuwa cewa yake wannan ɓarnar ƙarfe ce, tun da tsohon ya rasu bai ƙara watsa ko ɗaya ba.

Barira ta kwashi tsatsar a gefen zaninta ta ruga gidan Gwaggo Hakama, ƙanwar mahaifinsu, wadda ta tsufa a fataucin kanwa har gwiwoyinta suka gaza.

"Gwaggo, Aradu ta dawo, Yaya bai dawo ba!"

Gwaggo ta murza tsatsar tsakanin yatsunta, ta sansana. "Yana raye. Da ya mutu, da katakon ma ya ruɓe. Amma yana hannun mutanen ƙarƙashin ƙasa, kuma ɗan Adam in ya daɗe a wajensu ƙarfe yake zama, daga tafin ƙafa ya yi sama. In ya kai zuciya, shi ke nan, sai haƙuri."

"To a tara mazan gari mana!"

"Ramin ba ya buɗe wa kowa sai jinin maƙera. Daga ni sai ke muka rage. Ni kuwa ga gwiwoyina kina gani."

Barira ta zauna daɓas. Ita fa ko ƙadangare ya faɗo daga rufi sai ta yi ihu, in ana tsawa kuwa ƙarƙashin gado ake nemanta. Ta ce, "Gwaggo, ni?"

Gwaggo ta sassauta zaninta, ta kwance wata tsohuwar lalita ta fata daga ƙugunta. Barira ta girma a gaban matar nan, ta sha yi mata tausa, amma ba ta taɓa sanin akwai wani abu a wurin ba. Gwaggo ta zazzage lalitar, sai ga wata 'yar bindiga da ba ta cika tafin hannu ba, mai baki biyu, kowane baki da harsashi guda wanda bai fi ƙwayar wake ba.

"Kakanku ya ƙera min ita ranar da na fara bin hanya. Zirnaƙo nake ce mata."

"Ita ce Yaya yake cewa ko zakara ba za ta kayar ba?"

"Yayanki babban baki gare shi kamar bindigarsa. Ina take yanzu? Ga ta nan a gefen zaninki." Gwaggo ta ɗora mata Zirnaƙo a hannu, ta lanƙwashe mata yatsu a kai. "Saurara, 'yar nan. Ba zan yi miki ƙarya ba, wannan ba ta da nisa, ba ta da ƙarfin adaka. In kika harba daga nesa, kin jefi mutum da tsakuwa ne kawai, kin kuma gaya masa abin da kike ɗauke da shi. Sai kin ji warin numfashinsa. Wani ɗan fashi ya taɓa kama min wuyan riga a dajin Kwalkwalawa, na ɗana masa ita a cinya. Bai mutu ba. Zama ya yi yana duba ƙafarsa, ni kuwa na kora jakunana. Aikinta ke nan, ta buɗe miki hanya. In ta buɗe, kada ki tsaya kallo."

Ta ɗaura mata lalitar da kanta, a ƙarƙashin zani, ta ja igiyar har Barira ta yi ƙara. "Kuma ki daina taɓa wurin. Hannun mai ɓoye abu shi ke tona shi."

Barira ta tafi tana kuka, tana addu'a, har bakin Ramin Tama. Ta yi bisimilla ta zura ƙafa. Ƙasan ramin ya buɗe kamar bakin buhu, ta yi ta faɗuwa a hankali kamar gashin kaza, har ta sauka a kan wani baƙin yashi mai ɗumi. Ta duba sama, babu rana, babu gajimare, sararin duk ja ne kamar garwashi.

Hanya guda ce, ta ratsa wani kwari. Duwatsun gefe da gefe duk mayen ƙarfe ne. Takubba da masu da gatura sun manne a jikinsu birjik, wasu ma da guntun hannun rigar masu su. Tana shiga, allurar da ta soke a ɗankwalinta ta fizge, ta yi tsalle ta manne a dutse. Zirnaƙo ma ta fara ja a ƙugunta kamar ɗan akuya a igiya, amma da yake ƙarfenta kaɗan ne, Barira ta danne ta da hannu biyu, ta duƙa, ta bi tsakiyar kwarin daidai. A cikin yashin ta ga wasu dogayen sawu biyu kamar kunyar gona, inda wani ya kafa dugadugansa yana kokawa da duwatsun.

"Wannan taurin kan Yaya ne," in ji ta, hawaye na zubo mata. "Haka ya ja Aradu har ya wuce."

Bayan kwarin sai ga ganuwa, ƙofarta an yi ta da bakunan tsofaffin fartanyoyi. A gindin ƙofar wani gajeren aljani yana zaune, ja wur kamar an yi masa wanka da jar ƙasa, yana tsotsar wata tsohuwar ƙusa kamar rake. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Ya ke 'yar Adam mai baƙin hanci, daga wane juji iska ta kwaso ki?"

Barira ta zube a kan gwiwoyinta. "Ranka ya daɗe, sallama nake yi. Sunana Barira, jikar Barmo maƙeri. Yayana nake nema."

"Barmo! Bawana ke nan. Mai ƙera fartanyar da ke lanƙwashewa in ta hango ciyawa. Ashe ya bar zuriya, ga ki nan kamar tsinken tsire. Yayanki ma ya zo nan da wata doguwar aba, na ce masa muciyar tuwon wa ya sato, sai ya cika ya batse, ya auna ni da ita. Ke me za ki auna ni da shi, ya baiwar gidanmu?"

Barira ta sunkuyar da kai don kada ya ga hawayenta, sai idonta ya faɗa a kan ƙafarsa. Bakinsa na zagi, amma ƙafarsa tana turo mata kujera 'yar tsugunne a hankali, ga kuma ƙwaryar ruwa a kusa da kujerar. Wa ke ba wanda ya tsana wurin zama? Nan take muryar kakanta ta faɗo mata a rai: ga abincin bayina. Kai, ashe irin wasan nan ne da maƙera suke yi da Buzaye ranar kasuwa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne!

Ta miƙe tsaye. Muryarta ta fito siririya.

"Bawanka? Kai da kakana yake ciyarwa da ƙusoshin da muka zubar? Ga ɗaya nan ma a bakinka, ko kunya ba ka ji. Tashi ka gai da uwargijiyarka!"

Barira ta runtse ido tana jiran mutuwa.

Sai aljanin ya fashe da dariya, yana dukan cinya, jar ƙura na tashi daga jikinsa. "Madalla! Madalla da jikar Barmo! Rabona da jin zagi mai daɗi haka tun da tsohon nan ya daina zuwa. Zauna, zauna ki sha ruwa, ya mai ƙafafu kamar awartaki. Ni ne Tsatsa, mai tsaron ƙofar Birnin Tama. Mu da ku abokan wasa ne tun ranar da aka fara hura wuta a kan dutse. Na yi wa yayanki wasa, ya mayar min da bakin bindiga."

"Yana ina, ranka ya daɗe?"

Fuskar Tsatsa ta canza. "Yana maƙerar Gundumau. Wani ƙato ne da ya zo mana daga ƙasar wuta, ya ƙwace maƙerar birnin, ya kafa doka: duk wanda ya ɗaga makami a ƙofar nan a kai masa shi ya yi masa zuga. Ban so ba, amma na kai shi. Bindigarsa na tura gida don ku sani. Mu ƙarfe ne abincinmu, jikin Gundumau kuma ƙarfe ne, sai dai kullum yana ja da zafi, mu kuwa ba ma iya cin ƙarfe sai ya huce." Ya gyara zama, ya ɗaga murya kamar mai shela. "Yanzu doka ce in tambaye ki, kuma ƙofar nan tana rufe maƙaryaci a tsakiyarta. Ya ke 'yar Adam, kina ɗauke da makami?"

Barira ta juya baya, ta kwance lalita, ta nuna masa Zirnaƙo a tafin hannunta.

Tsatsa ya leƙa, ya ƙara leƙawa, ya kwanta a ƙasa don dariya. "Wayyo cikina! Wannan ce? Da ita kike sosa kunne? An umarce ni in hana makami wucewa, ba a umarce ni in ƙwace wa yara abin wasansu ba. Wuce, wuce!" Amma da ta zo gifta shi, sai ya yi ƙasa da murya. "Mayar da ita inda take. A kasuwarmu duk abin da ido ya gani ana roƙonsa, kuma ba a hanawa. Sannan ki riƙe wannan: wutar cikin Gundumau ta wani ɗan rami take shan iska, a ƙarƙashin haɓarsa. Ba a ganinsa sai ya sunkuyo, ba ya kuwa sunkuyowa sai zai ɗauki mutum."

Kasuwar Birnin Tama ba ta da hanyar kewayewa. Aljanu ne jajaye maƙil, wasu na talla da gutsattsarin sarƙa, wasu na auna garin ƙarfe a mudu. Tana shiga wata ta tare ta.

"Ya baƙuwa, idona ya ga mayafinki."

"Naki ne," in ji Barira.

"Ya baƙuwa, idona ya ga takalmanki."

"Naka ne."

Haka 'yan kunnenta suka tafi, goran ruwanta ya tafi, har ɗankwalin kanta. Tana gab da fita, ba takalmi, ba lulluɓi, sai wata tsohuwar aljana mai idanu a tafukan hannu ta sha gabanta, ta ɗaga hannuwan tana kewaya ta.

"Ya baƙuwa, me ya sa hannunki yake ta komawa ƙugunki?"

Barira ta duba, ashe kuwa tun ƙofa hannunta na nan a kan lalitar! Ta tuna da Gwaggo, ta ji kamar ta mari kanta. Ta ce, "Iya, tsoro ne ke murɗa min ciki." Gaskiya kuwa ta faɗa. Ta saki hannuwanta suka yi lilo. Tsohuwar ta haska ƙugun da idanun tafinta, ba ta ga komai ba sai kullin zani, don Zirnaƙo ta kwanta lif a jikin fata, ko tudu ba ta yi ba. Ta yi tsaki ta kauce.

Tun daga nesa Barira ta fara jin bugun guduma yana girgiza ƙasa. Hanyar maƙerar an jera mata mutane dama da hagu, dukkansu ƙarfe, kowa da hannuwa a miƙe kamar mai zuga, bakinsu a buɗe. Ba ta yarda ta kalli fuskokinsu ba.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Can ƙurya, a gaban wata wuta mai girman ɗaki, ga Nomau a tsaye yana danna zuga-zugi na fatar bijimi. Ƙafafunsa baƙin ƙarfe ne, cinyoyinsa ƙarfe, cikinsa ƙarfe. Baƙin ya hau har haƙarƙarinsa, yana ƙara matsawa sama a hankali kamar ruwa a jikin tsumma. Ya waiwayo ya gan ta.

"Ke Barira! Wa ya aiko ki nan? Koma! Koma, na ce!"

Sai abin da ta ɗauka bangon maƙerar ne ya motsa. Gundumau ya juyo. Tsawonsa ya kai rimi, jikinsa ja yana ƙyalli, gudumar hannunsa ta fi turmi.

Duk abin da Gwaggo ta faɗa ya gudu daga kan Barira. Ba ta san lokacin da ta zaro Zirnaƙo ba, ba ta san lokacin da ta ja kunamar ba. Tas! Harsashin ya tsallaka faɗin maƙerar, ya bugi kafaɗar ƙaton, ya yi ƙyal kamar tsakuwa a kan kwano, ya faɗi ƙasa.

Gundumau ya sosa wurin. Muryarsa ta fito kamar ana mirgina duwatsu. "Ya ke ƙanƙanuwar halitta, da wannan kika zo yaƙar mai wutar da ba ta mutuwa? Masu manyan bindigogi sun zo, ga su can a jere suna gadin hanyata. Wancan zuga-zugin babu kowa a kansa. Zo ki tsaya kusa da ɗan'uwanki."

Ya ajiye guduma ya taho.

"Gudu, Barira!" in ji Nomau. "Ba ta da amfani, na sha gaya muku! Gudu!"

Ƙafafunta ma gudun suke so. Amma ta dubi ƙirjin yayanta, baƙin ya kusa kai wa inda zuciya take bugawa. Ta sauke hannunta, ta cusa shi a cikin ninkin zaninta da Zirnaƙo a ciki, ta sunkuyar da kai kamar wadda ta sallama. Harsashi ɗaya ya rage mata. Ta ce a ranta, ya Allah, ka riƙe min yatsan nan kada ya riga ni.

Ƙasa na girgiza. Zafi ya fara dukan fuskarta. Yatsan nata yana ta roƙonta, yanzu, yanzu. Ta ce masa tukuna. Inuwarsa ta rufe ta, ta ji gashin goshinta yana ƙauri. Tukuna. Wani hannu mai faɗin faifai ya sauko ta bayanta, ƙaton ya lanƙwasa, fuskarsa ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, har numfashinsa ya bugi hancinta, warin farar wuta da ƙonannen gashi.

Ta ɗaga ido. Ga shi nan a ƙarƙashin haɓa, ɗan rami da bai fi kan ɗan yatsa ba, yana zuƙar iska yana fito. Ta miƙa hannu har bakin Zirnaƙo ya taɓa wurin, ta ja.

Ƙarar ba ta fi ta gugguru a kasko ba.

Gundumau bai faɗi ba. Ya miƙe, ya yi baya, ya zauna daram, hannu biyu a wuya. Fiton nan ya ɗauke. Gefen hannunsa ya shafi damtsenta a wucewa, fatar ta saluɓe, amma ba ta tsaya duba ba, ba ta tsaya kallonsa ba. Ta ruga wajen Nomau, ta fizge fatar zuga-zugin ta shimfiɗa a ƙasa, ta sa kafaɗa ta ture yayanta ya faɗa a kai da ƙara kamar an yar da turmin ƙarfe. Ta kama bakin fatar ta fara ja.

Kai, nauyi! Ta ja, ta faɗi, ta tashi, ta ja. Ta waiwaya, sai ta ga Gundumau ya kife yana rarrafowa, yana kakarin numfashi. Jan jikinsa ya fara dusashewa, ya koma kamar hanta.

"Bar ni," in ji Nomau. "Ƙanwata, don Allah bar ni ki tsira."

"Yi min shiru, Yaya!" Tun da aka haife ta ba ta taɓa gaya masa haka ba.

Sun kai bakin ƙofa ke nan fatar ta tsaya cak. Yatsun ƙaton sun damƙe ɗaya gefen. Barira ta dube su, ta ga sun yi baƙi ƙirin, ko hayaƙi ba sa yi. Ta cika ƙirjinta da iska ta ƙwala kira da iyakar ƙarfinta:

"Kai Tsatsa, bawan kakana! Ina ka shiga? Tuwonku ya huce!"

Ashe aljanun suna nan laɓe a bayan mutanen ƙarfen nan, duk birnin. Suka kwararo ta ƙofa, ta taga, ta rufi, jajaye kamar tururuwa, da tsohuwa mai idanu a tafi, da wadda ta karɓi mayafi, Tsatsa a gaba yana ihu, "Ku bar min hancin!" Suka lulluɓe Gundumau. Ba a daɗe ba sai ga tsibin jar ƙasa a inda yake.

Tsatsa ya taho yana sakace, ya tsaya a kan Nomau. "To, ga mai muciya. Kai bawana, in lashe maka ƙarfen nan, ko ka fi kyau a haka?"

Fuskar Nomau ta murtuke. Barira ta tsunkule shi a kunne, don nan ne kawai ta tabbata zai ji. Ya dube ta, ya dubi ƙonannen damtsenta, ya haɗiye yawu. Ya ce, "Lashe mana, makwaɗaici. Ai dama lasar ƙafafunmu ce gadonku."

"Yawwa! Ashe kana da baki!" Tsatsa ya duƙa ya fara daga ƙirji, ya yi ƙasa, ƙarfen na zubewa kamar ɓawon gyaɗa, fata na fitowa. Da ya kai ƙaramin yatsan ƙafar hagu sai ya tsaya. "Wannan na bar shi ajiya, saboda ranar da ka sake manta ƙusoshina."

Barira ta tambaye shi mutanen da ke jere a hanya. Ya girgiza kai, ya ce waɗannan ya riga ya kai musu zuciya. Ta tsaya ta yi musu addu'a, wannan karon tana kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

A bakin ganuwa ta durƙusa a gaban Tsatsa, hawaye sun cika mata ido. "Ranka ya daɗe, ban san da wane baki zan gode maka ba. Ka ba ni ruwa, ka bar ni na wuce, ka..."

"Kul! Kada ki ɓata mana zumunci. Tsakaninmu ba a haka. In kin ji daɗi, zage ni."

Ta share hawaye da bayan hannu, tana dariya tana kuka. "Allah ya bar mana kai, mummuna, jan biri, mai cin shara."

"Amin, 'yar baƙin hanci," in ji Tsatsa, ya juya da sauri yana murza ido, wai ƙura ce ta shiga.

A kwarin mayen ƙarfe sai da Barira ta riƙe yayanta tamau, don yatsan nan nasa ja yake ta yi zuwa dutse, shi kuma yana bin sa da tsalle yana salati. Da suka kai kan baƙin yashin nan, ramin ya ɗauke su sama a hankali kamar yadda ya sauko da ita.

Gwaggo Hakama na zaune a ƙofar gida suka iso da la'asar. Ba ta yi guɗa ba. Ta kama kan Nomau ta shafa, ta shafa, ta yi ta cewa alhamdu lillahi. Sannan ta sa aka kawo man shanu ta shafa wa Barira a ƙunar, ta miƙa hannu. Barira ta kwance lalitar ta ba ta da hannu biyu, a durƙushe. Gwaggo ta leƙa bakunan Zirnaƙo, duka biyu wayam.

"Na farkon daga nesa kika sake shi."

Barira ta sunkuyar da kai. "Ki yafe ni, Gwaggo. Duk abin da kika ce ya tsere min."

"Me zan yafe? Kina tsammanin don me kakanku ya yi mata baki biyu? Ya ce ɗaya na tsoro ne, ɗaya na aiki." Ta mayar da bindigar cikin lalita, ta jawo Barira, ta ɗaura mata a ƙugu, ta ja igiyar. "Ni na gama bin hanya. Riƙe."

Nomau ya yi gyaran murya. "Gwaggo, wannan 'yar abar... wane irin harsashi take ci? In zuba mata sababbi."

"Wacce? Wadda ba ta kayar da zakara?"

"Gwaggo, don Allah."

Washegari da safe ya narka dalma, Barira na yi masa zuga da hannu ɗaya. Da suka gama, shi da kansa ya share ƙarƙashin uwar maƙera ya tara tsofaffin ƙusoshi cike da ƙwarya. Suka hau dutse tare, yatsansa na ƙyal, ƙyal a kan duwatsu. A bakin ramin ya miƙa mata ƙwaryar, ya ce ita ta fi cancanta.

Barira ta watsa su, ta leƙa cikin duhun, ta ce, "Ga abincin bayina. Ku ci ku gode."

Can sai wani abu ya taso daga ƙasa, ya wuce ta gefen kunnen Nomau, ya faɗo a gabanta. Takalminta ne da aka karɓe a kasuwar Birnin Tama, ƙafa ɗaya, an ɗan gatsi bakinsa.

Ta ɗauka ta rungume shi a ƙirji, ta yi ta dariya har sai da ta zauna a ƙasa.